Kafin daliget ɗinmu su kama hanyar Abuja, a tambaye su

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina kan musun da ya cika Zariya tun daren Asabar, 28 ga Mayun 2022, da PDP ta gama zaɓen fidda gwaninta na takarar shugaban ƙasa a Abuja. Atiku Abubakar ya tashi da ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70, bayan Aminu Tambuwal ya fito gaban jama'a ya janye wa Atiku. A lokacin da nake rubutun nan, a 2022, ido ya koma kan APC, wadda daliget ɗinta, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, za su taru a Dandalin Eagle da ke Abuja cikin 'yan kwanaki.

A majalisarmu ta bayan isha'i a Tudun Wada, wajen mai shayi, maganar ke nan kullum. Akwai wani tela da ba ya ajiye rediyonsa, shi duk ma'auninsa ɗaya ne, wane hannunsa a sake yake, wane kuma ɗan maƙo ne. Wani direban bas da ke jigila tsakanin Kwangila da Kaduna cewa yake a ba namu kawai, ko wane ne. Shekaranjiya har kofin shayi ya kife a kan benci saboda bugun tebur. Da na ce su faɗa mini abu ɗaya da gwanin kowannensu ya yi a kujerar da ya taɓa riƙewa, sai aka koma yi mini kallon wanda ya zo ɓata hira. Wannan ne ya dame ni har na ɗauki biro. Mutanen nan ba baƙi ba ne, kowannensu ya riƙe amanar jama'a shekara da shekaru, kuma aikinsa na nan a fili.

A cikin masu neman tikitin APC, a ɗauki Rotimi Amaechi. Magoya bayansa a nan suna da abin nunawa, domin a lokacin da yake ministan sufuri aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, ko da yake gwamnatocin baya ne suka ɗauko aikin. A 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Kaduna wanda zai ratsa ta wajenmu. Duk Bazazzagin da ya san abin da jirgin ƙasa ya yi wa Sabon Gari a da, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. To amma a kan layin Abuja zuwa Kaduna ne aka kai hari ranar 28 ga Maris ɗin 2022, aka kashe fasinjoji, aka kwashi wasu da dama zuwa daji, kuma har yau da nake rubutun nan suna hannun 'yan bindiga. Shi da bakinsa ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin ba a amince masa ba. Idan haka ne, ina son daliget ya tambaye shi: wa ya hana, me ya sa jirgin ya ci gaba da ɗaukar mutane, kuma me zai yi dabam idan shi ne da wuƙa da nama?

Farfesa Yemi Osinbajo kuwa, abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi shi ne na watan Agustan 2018. Shugaba Buhari yana Landan, jami'an tsaron farin kaya suka tare ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, shi kuma a matsayinsa na muƙaddashi ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar. Mun daɗe ba mu ga an hukunta babba da wuri haka ba, kuma da ina da ƙuri'a a taron nan, wannan zai yi nauyi a wajena. Sai dai ba zai ci nasara ya bar mana asara ba. Zuwa 2022 shekara bakwai ke nan yana mataimakin shugaban ƙasa, yana kuma shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, don haka tsadar masara da taki da man girki da ake kuka da ita a kasuwar Sabon Gari akwai kasonsa a ciki. Naira 10,000 ta TraderMoni, rancen gwamnati ga ƙananan 'yan kasuwa, ba ta isa amsa ba.

Bola Tinubu mutanensa na cewa ya gina Legas daga 1999 zuwa 2007, ya gina mutane, kuma da shi aka ƙulla haɗakar 2013 da ta haifi APC. Ba na musun cewa ya yi wa Buhari rana. Amma bashin siyasa tsakaninsu ne, ba talakan Giwa da aka kashe wa 'yan uwa a watan Maris ne zai biya ba. A 2022 shekara 15 ke nan rabonsa da kujerar mulki, ya kamata mu ji daga bakinsa abin da ya tanada wa Arewa maso Yamma. Ahmad Lawan yana majalisa tun 1999, kuma masu sukarsa na cewa majalisar dattawan da yake jagoranta a 2022 ba ta iya ce wa fadar shugaban ƙasa a'a ba, musamman kan ciwo bashi. Ya kamata ya kare kansa da hujja. Zama ɗan Arewa kaɗai bai wadatar da ni ba, domin ɗan Arewa ne a kan mulki a 2022, hanyar Birnin Gwari kuma ta gagari matafiya.

Atiku ma bai tsira ba don ya samu tikiti. A nan Kongo ya yi difloma ta shari'a, ya san garin nan. Shi ya jagoranci sayar da kamfanonin gwamnati lokacin yana mataimakin Obasanjo, sai ya gaya mana wanne ya rayu, wanne ya mutu, kuma me ya koya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na makaranta, domin aikin koyarwa na yi har na yi ritaya. Tun 14 ga Fabrairun 2022 har lokacin da nake rubutun nan malaman jami'o'i ke yajin aiki. A je Samaru da hantsi a gani. Masu shagon buga takardu sun rufe, masu sayar da abinci a bakin hanya suna zaune suna korar ƙuda, 'yan acaɓa sun yi layi babu mai hawa, ɗalibai kuma suna gida wata na huɗu. A cikin wannan hali ne APC ta sa fom ɗinta na takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40, kuma mutum sama da 20 suka saya a APC kaɗai. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na 2022, wato naira 30,000, sai ya yi shekara sama da 270 bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara kuɗin fom ɗaya. Mohammed Hayatu-Deen da ya janye daga takarar PDP ya faɗa a fili cewa kuɗi ne suka mamaye zaɓen, jami'an EFCC ma sai da suka je filin taron.

Duk wannan musu da muke yi, ba mu ne masu zaɓen ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta bar wannan aiki a hannun zaɓaɓɓun daliget kaɗai. A taron APC na 2022 mutum uku ne daga kowace ƙaramar hukuma, wato uku daga Zariya, uku daga Sabon Gari, 69 daga ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna. Mutum shida ne za su yi magana da sunan duk mai rai daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, kuma na tambaya a unguwarmu da masallacinmu ban samu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka ofishin jam'iyya a Kaduna ya karɓo sunayen nan 69 ka buga su. Sannan a samu shidan nan namu kafin su hau mota, a tambaye su wa za su zaɓa, da abin da ya gaya musu kan fasinjojin jirgin da ke daji da kuma ranar buɗe jami'a. Duk amsar da suka bayar a buga ta, wanda ya ƙi magana shi ma a rubuta cewa ya ƙi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya