Zuwa ga Mamana a Abuja, kan maganar Turancin nan

Assalamu alaikum Mamana, ya Abuja, ya mutanen gidan kawunki? Mu nan Jos sanyi ya sauko sosai, ruwan alwalar asuba ma sai an ɗumama.

Ummanki ta ce kin yi mata kuka a waya, wai a ofis kina gane duk abin da ake faɗa amma da an ce ki yi bayani ko ki rubuta sai kalmomin su gudu su bar ki. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Don Allah ki daina haddar kalmomi hamsin-hamsin daga ƙamus, na yi haka lokacin WAEC ɗina, ko goma ba su kwana a kaina ba. Duba "sha" ɗinmu mana, shan ruwa daban, shan wahala daban, ga shan iska ga shan kaye, Baturen da ya haddace cewa sha drink ne kawai ai ya ɓata tun a ƙofar gida. To haka "take" yake a wajensu, take off, take over, take after, kowanne da inda ya dosa. In kin tsinci kalma ki kwaso ta da maƙwabtanta da jimlar da kika same ta a ciki, su make a mistake suke cewa, ba do a mistake ba. Ni shekara nawa ina "borrow me your biro" a shago a Terminus, sai da wani kwastoma dattijo, Allah ya saka masa, ya ja ni gefe ya ce mai karɓa ke borrow, mai bayarwa lend yake yi.

Kuma kar yawansu ya razana ki, kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su sun kai wajen kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Ki karanta labari a Aminiya, sai ki nemi irinsa a Daily Trust, tunda kin riga kin san zancen kalmomin da kansu za su buɗe miki. Biyar a rana sun isa, ki waiwaye su washegari da bayan sati, ki turo min jimla da kowacce ta WhatsApp ko da kuskure, a wajena ba kunya.

Ranar Asabar zan ba direba ƙaramin littafin rubutu da dankalin kawunki, ki bar wayarki a kunne. Allah ya yi miki albarka.

Babanki