Ba kowane maganaɗisu ne sanyi ke daidaita wa sahu ba

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Shekara 11 ke nan ina koyar da fizis a sakandare, kuma duk shekara nakan kai 'yan ajina maƙera da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Maƙeri ya sa ƙusa a wuta, yaronsa na zuga, har ta yi ja zur. A kawo maganaɗisu kusa da ita, ko gezau. Ta huce, sai ta sake mannewa. Nakan ce musu kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tamkar allurar kamfas ce. In zafi ya haura digiri 770, kowace sai ta dubi inda ta ga dama. In ya sauka, sai su daidaita sahu, su dubi gefe ɗaya, shi ya sa ƙusar ke sake mannewa.

Bana wata ɗaliba ta tsayar da ni a bakin maƙerar: "Malam, to kowane maganaɗisu in ya yi sanyi sai ya daidaita sahu?" Littafinmu bai taɓo wannan ba, amsar kuwa a'a ce.

Akwai sinadaran da kowace ƙwaya a cikinsu ke son saɓa wa maƙwabciyarta: wannan ta dubi sama, ta kusa ta dubi ƙasa. In a layi ɗaya suke, lafiya lau. Amma a girka su uku kamar duwatsun murhu. Ta farko sama, ta biyu ƙasa, ta ukun fa? Duk inda ta juya sai ta dace da ɗaya daga cikinsu, gaba kura baya sayaki. Tun 1950 masanin fizis Gregory Wannier ya nuna da lissafi cewa irin wannan jeri ba ya tsayawa kan tsari ɗaya komai sanyi. A 1973 Philip Anderson na Amurka ya ƙara da cewa, bisa dokokin kwantam, waɗanda ke tafiyar da ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra, ƙwayoyin na iya kama juna bibbiyu suna ta sauya abokan riƙo, su zauna kamar ruwa ko da an kai ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili.

Ba zancen alli da allo kawai ba ne. Akwai wani koren ma'adini da aka samo a Chile, herbertsmithite, wanda ƙwayoyin jan ƙarfen cikinsa ke jere kamar saƙar kwandon gora ta mutanen Japan, wadda suke kira kagome, saƙa ce mai cike da kusurwa uku-uku. A 2005 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka haɗa shi a ɗakin gwaji. Ƙwayoyinsa na jan juna da ƙarfi sosai, amma an sanyaya shi har saura digiri 0.05 a kai ƙarshen sanyi, bai daidaita sahu ba. Hanyar ganewa ma tana burge ni. Ana auna yawan zafin da abu ke sha kafin ya ƙara digiri ɗaya. A maganaɗisu irin na ƙusarmu, awon kan yi tsalle ya yi tsini daidai inda sahu ya daidaita. A wannan ma'adinin tsinin ba ya fitowa. Har yanzu masana na ja-in-ja a kansa, domin wasu ƙwayoyin jan ƙarfe kan shiga mazaunin ƙwayoyin zinki, wani ƙarfen da ke cikin ma'adinin, su dagula awon.

Abin da ya dame ni, Edita, da na je neman abin da zan miƙa wa yarinyar nan ta karanta da Hausa, hannu rabbana na dawo. Da kaina na zana mata kusurwa uku a bayan littafinta, washegari ta zo ta cika shafi biyu da kibiyoyi tana neman yadda ta ukun za ta kuɓuta. Ina roƙon ku ware ko rabin shafi ne duk mako don kimiyya, ku gayyato malaman jami'o'inmu su rubuta. In an buɗe filin, zan fara aiko da bayanin gwajin maƙera da zanensa.

Wassalam,
Wani malamin fizis, Funtuwa