Wasiƙa daga Lexington zuwa Zariya

Assalamu alaikum, Bazazzagi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da su Hajiya. Yaya ƙafar Baba? An ce an canja masa magani, Allah ya sa a dace. Saƙonka na murya ya iso tun kafin babbar salla, har da baƙar maganar da ka liƙa a ƙarshe, wai na ci burodin Amurka na manta da talakawa. To ga takarda nan, mai tsawo kuma, tunda Bazazzagi ba ya ƙoshi da surutu.

Ka ce ɗalibanka sun tambaye ka wane ɓangare jihar da nake ta bi a yaƙin basasar Amurka, kai kuma ka sallame su da cewa mai bayi Kudu, marar bayi Arewa. Malam, ka ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne. A 1860 jihohi 15 ne doka ta halatta bauta a cikinsu, 11 ne kawai suka ɓalle. Huɗu sun yi zamansu a tarayya da bayinsu a hannu: Delaware, Merilan, Mizuri, da wannan Kentaki da nake shan sanyinta.

Su ma 11 ɗin ba rana ɗaya suka fita ba. Da Abraham Linkon ya ci zaɓe a Nuwamban 1860, bai ce zai 'yanta bawan kowa ba, cewa ya yi bauta ba za ta shiga sabbin yankunan yamma ba. Wannan kaɗai ya ishi Karolina ta Kudu, ta fice ranar 20 ga Disamba, wakilai 169 ba ko ɗaya da ya ce a'a. Kafin 1 ga Fabrairu ta wuce, Misisifi, Filorida, Alabama, Jojiya, Luwiziyana da Teksas sun bi ta, mutumin ko rantsar da shi ba a yi ba. Dubi waɗanda suka riga kowa: a Karolina ta Kudu bayi sun kai kashi 57 cikin 100 na jama'a, a Misisifi kashi 55. Ƙasashen gandayen auduga ke nan. A Kentaki kuwa mutum ɗaya cikin biyar ne bawa, a Mizuri ɗaya cikin goma, Delaware gaba ɗayanta bayin ba su kai 2,000 ba. Iya yawan bayinka, iya gaggawarka. Akwai wani dattijo a wurin aikinmu da kullum yake ce min rigimar ta 'yancin jihohi ce, ba ta bauta ba. Ba na musu da shi don ya haife ni, amma takardar da Misisifi ta rubuta da hannunta tana nan, tun daga farkonta ta ce matsayinta a ɗaure yake da bauta.

Af, wai da gaske ne shugaban ajinmu ya zama kansila? Shi da ko kuɗin alli aka ba shi sai an yi shari'a? Ka tabbatar min, don matata ta ce a Facebook ta gani, ni kuwa ban yarda da hoton ba, tumbin ya yi yawa.

To, rukuni na biyu su ne suka fi ba ni tunani. Bajiniya ta zauna taro, a farkon Afrilun 1861 aka kaɗa ƙuri'a, kusan biyu bisa uku suka ƙi ɓallewa. Sai 'yan tawayen Kudu suka buɗe wa Fort Sumter, sansanin sojan tarayya a Karolina ta Kudu, wuta ranar 12 ga wata, ranar 15 Linkon ya nemi jihohi su ba shi sojan sa-kai 75,000. Kwana biyu bayan nan taron da ya ce a'a ya juya ya ce e, 88 da 55. Wato da tambayar tana "za ku fita?" sun ce ba za su ba, da ta koma "wa za ku harba?" sai amsa ta canja. Akansas, Karolina ta Arewa da Tenesi duk haka suka bi. Amma mutanen duwatsu, waɗanda ba su da gandu ba su da bayin kirki, suka ce ba da su ba. Gabashin Tenesi ya jefa ƙuri'ar ƙin fita, yammacin Bajiniya kuwa ɓallewa ya yi daga cikin masu ɓallewa, ya zama jiha mai zaman kanta a Yunin 1863.

Merilan ba a ma bar ta ta yi dogon tunani ba, saboda idan ta tafi, Washinton ta zama tsibiri a tsakiyar abokan gaba. Ranar 19 ga Afrilu jama'ar Baltimore suka far wa sojojin da ke wucewa, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Cikin watan Mayu aka girke igwa a kan tudun da ke kallon garin, a Satumba kuma aka kama wasu 'yan majalisar jihar aka kulle. Idan wannan ne zaɓi, to.

Yanzu ga tamu. Linkon ɗan Kentaki ne ta haihuwa, shugaban 'yan tawaye Jefferson Davis ma ɗan Kentaki ne, tsakaninsu ko shekara ba a cika ba. A zaɓen 1860 jihar da ta haifi Linkon ko kashi 1 cikin 100 ba ta ba shi ba. Da ya nemi soja, Gwamna Magoffin ya mayar masa da amsa cewa ba zai ba da ko mutum ɗaya a je a murƙushe 'yan'uwa na Kudu ba. Amma majalisa ba ta yarda a fita ba. Gwamna na jan nan, majalisa na jan can, sai aka shelanta cewa Kentaki 'yar ba-ruwanmu ce, kada sojan kowa ya taka mata ƙasa. Kamar mai mata biyu ranar da rikicin girki ya tashi, ya ce shi a zaure zai kwana. Na kawo wannan misali ne don amfaninka, tunda labarin zuwanka Tudun Wada da daddare ya ƙetare teku. Uwargida ta sani kuwa?

Zaman zauren bai wuce 'yan watanni ba. A farkon Satumba janar ɗin Kudu, Leonidas Polk, ya shigo ya kama garin Columbus a bakin kogin Misisifi, janar ɗin Arewa, Grant, ya mayar da martani ya kama Paducah. Tunda Kudu ce ta fara taka iyaka, majalisa ta ce sojan Kudu ne za su bar mata ƙasa, ta jingina da tarayya. Masu son Kudu suka kafa tasu gwamnatin ta jeka-na-yi-ka, shi ya sa tutar 'yan tawaye take da taurari 13, har da na Kentaki da na Mizuri, alhali 11 ne suka fita da gaske. Ka tambayi Baba labarin jihar Tsakiyar Yamma a 1967, yadda gwamnanta Ejoor ya so ya kare ta daga zama fagen fama har sojan Biyafara suka haye kogin Kwara suka shiga Benin a watan Agusta. Dalilan yaƙin ba ɗaya ba ne, amma zai gane halin wanda yake tsakiya.

Kada ka ɗauka imani ne ya sa Kentaki ta zauna. Masu bayi da yawa lissafi suka yi: kogin Ohayo ne kawai tsakaninsu da jihohin da ba bauta, idan suka fita, bawan da ya haye ya hayu ke nan, ba dokar tarayya da za ta dawo da shi. Linkon ya san haka, ya yi ta lallaɓa su, har ya rubuta wa wani amininsa cewa rasa Kentaki kusan rasa komai ne. Shi ya sa shelar 'yancin da ya yi ranar 1 ga Janairun 1863 ba ta shafi bayin nan ba. Sai a Disambar 1865 gyaran tsarin mulki na 13 ya kwance su, kuma Kentaki ba ta sa hannu a kansa ba sai 1976. Ka sake karanta shekarar.

Gidaje ma rabewa suka yi. Sanata Crittenden, wanda ya yi ta faɗi-tashin sulhu, ɗansa ɗaya janar ne a Arewa, ɗaya janar a Kudu. Gidan su matar Linkon yana nan cikin garin nan, ginin jan bulo a bakin babban titi, kuma 'yan'uwanta da suke uba ɗaya Kudu suka yi wa yaƙi. Kaɗan gaba akwai filin Cheapside kusa da tsohuwar kotu, inda ake gwanjon mutane a da. Yanzu ranar Asabar kasuwar manoma ke ci a wurin, can matata take sayo kuɓewa, 'yar ƙanƙanuwa a kwali, da tsadar da idan na faɗa maka za ka ce ƙaryar Kanawa ce. Har 2017 gumakan manyan 'yan tawaye biyu, Breckinridge da Morgan, suna tsaye a harabar, kafin a kwashe su zuwa maƙabarta. Jihar da ba ta ɓalle ba fa.

Mizuri labarinta ya fi wannan jini, sai wata takardar, idan ka amsa wannan.

Ƙanen matata zai taso ƙarshen wata mai zuwa, zai kwana Kano. Ka aika masa da daddawa da yajin Hajiya, a ɗaure da kyau a rubuta suna a jiki. Kilishi kada ka wahalar da kanka, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Takalmin da babban ɗanka ya roƙa na saya, amma lambar da ka turo ta ƙafar raƙumi ce, a sake aunawa. Ka gaida Liman, ka ce masa ban manta da maganar rufin masallaci ba.

Naka,
Bakanon da ya fi ƙarfinka