Rawar jiki a shingen bincike ba laifi ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan shingayen binciken 'yan sanda a hanyoyin Jihar Sakkwato, kuma ina so in ƙara bayani ɗaya.

Babu mai musun buƙatar bincike, musamman a hanyar Illela da ta Gusau, ganin halin tsaro da muke ciki. Sai dai sau da yawa a motar haya nakan ga direba mai cikakkun takardu yana in-ina, hannunsa na rawa, don kawai ya ga bindiga. Wasunsu ma 'yan bindiga sun taɓa tare su a irin wannan hanya. Ɗaukar wannan tsoro a matsayin alamar rashin gaskiya kuskure ne.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce bincike sai da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, kuma jami'i ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin binciken kafin ya fara. Direbobinmu kaɗan ne suka san haka.

Ina ba da shawara rundunar jiha ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi, a bayyana waɗannan haƙƙoƙi da Hausa a tashoshin mota da gidajen rediyo, a kuma liƙa lambar kai ƙara a kowane shinge.

Naku,
Wani mai karatu,
Mabera, Sakkwato