Barewar da ke shigo mana bayan gida

Kolumbas, jihar Ohayo, Amurka

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya ƙafar Baba? A gaida Inna da kyau. Mu nan lafiya lau, sai sanyin Nuwamba da ya fara cizo, ganyen itatuwa duk ya zube.

Saƙon muryar da ka naɗo mini ta WhatsApp ne ya sa na zauna rubutu. Na ji Baba yana cewa dabbar da ke cikin hotunan nan ba barewa ba ce, wai tun da yake shiga daji bai taɓa ganin barewa mai ƙaho da rassa kamar ƙirya ba. Gaskiyarsa. Ni ma rashin suna ne ya sa nake ce mata haka. Ta fi barewarmu girma nesa ba kusa ba, babban namiji yakan kai kilo 90. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, in ta tsorata sai ta ɗaga shi sama kamar tuta ta zura da gudu, kuma da wannan farar wutsiyar Turawa suka raɗa mata suna.

Ka faɗa wa Baba abin da zai fi ba shi mamaki: ƙahon nan faɗuwa yake yi duk shekara. Namiji kaɗai ke da shi. Tsakanin Janairu da Maris sai ya zube, da bazara wani sabo ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi da gashi-gashi, zuwa Satumba ya goge fatar a jikin itace. Wata 'yar bishiya da mai gidanmu ya dasa, haka wani ya saɓule mata ɓawo. A Fabrairun da ya wuce na tsinci ƙaho guda a gindin shinge, na adana wa Baba, in ya riƙe a hannunsa ya yarda.

Asalin sanayyarmu da su ba ta daɗi ba ce. Ka san ni da lambu. Na shuka kuɓewa da yakuwa da tumatir a bayan gida, ina lissafin miyar da za mu sha. Wata safiya na fito na tarar an aske su ƙwal. Na zargi zomaye, har yaran maƙwabta sai da na zarga a zuci, Allah ya yafe mini. Sai na sayi irin kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace, wadda ke ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya gifta. Washegari ga ɓarayina su uku a hoto, idanu na ƙyalli, ɗaya da ganyen yakuwata a baki. An ce sai shinge ya kai ƙafa 8 kafin ya tare su, mai gida kuwa ya ce ba a gidansa ba. Na haƙura da miya, na koma ɗaukar hoto.

Lokacinsu da namu ɗaya ne, asuba da magariba. In na idar da sallar asuba sai in kashe fitila, in zauna bakin tagar kicin da shayi. Sirrin duka shi ne kada ka yi motsi. Ko labule ka taɓa, uwar za ta ɗaga kai, ta buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi wani huci, shi ke nan sun ɓace. Abin da Baba ya sha koya mana na zama shiru da lura da inda iska ke kaɗawa, wanda muka ɗauka wahala ce, ga shi yana mini amfani a ƙasar wasu.

A watan Yuni muka tarar da jaririn barewa kwance cikin ciyawa, jikinsa da ɗigo-ɗigon fari, ko numfashinsa ba ka gani. Uwar yara ta ce maraya ne, har ta ɗumama madara. Wani dattijo maƙwabcinmu ya hana mu taɓa shi. Ya ce haka uwar ke ɓoye shi ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana shayar da shi. Da magariba kuwa sai ga ta. Bayan 'yan makonni na ɗauki hotonsa yana tsallake kujerar lambu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Baba ya tambaya ko garin ba maharba ne, nama na yawo har ƙofar ɗaki. Akwai su da yawa, amma sai da lasisi, sai a lokacin da hukuma ta ware, kuma da iyakar adadin da mutum zai kashe. Masu baka suna farawa ƙarshen Satumba, masu bindiga kuma babban makonsu na zuwa bayan bikin godiyar da suke yi a ƙarshen Nuwamba. Cikin unguwa ba a harbi. Dalilin tsananin shi ne a farkon shekarun 1900 sare daji da farauta sun ƙarar da bareyin nan kaf a Ohayo, sai daga baya suka dawo, har a 1988 jihar ta mai da barewar nan dabbarta ta alama. Da na ji haka sai na tuna dajin bayan garinmu, yaushe rabon da a ga ko gada a ciki?

Suna da nasu sharrin. Kaskar da ke jikinsu tana sa wani ciwo mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, don haka duk yaron da ya yi wasa cikin ciyawa sai an duba shi kafin ya kwanta. Yanzu kuma lokacin barbararsu ne, mazan ba sa ganin gabansu, suna faɗa wa titi. In na taso aikin dare a hankali nake tuƙi, ka kwantar wa Inna da hankali.

Dattijon nan maharbi ne, ya kawo mana cinya guda. Na yi godiya, na bayyana masa zancen yanka, bai ji haushi ba. Ya ce in na yi karatun lasisi baɗi mu tafi tare in harbi tawa da bisimillah. Ban ba shi amsa ba tukuna, don bayan wata da watanni ina kallon uwar nan da ɗanta, hannuna ya yi nauyi. Wannan kam kada ka karanta wa Baba.

Kuɗin maganin Baba zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda. A gaida su Goggo da yara.

Ƙaninka.