Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Ɗaukaka Ƙara Kan Haƙƙin Nakasa da Diyya

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa tsofaffin sojoji, da iyalan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya, assalamu alaikum.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, in ban da waɗanda aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta.

A cikin ƙararrakin da muka ɗaukaka bana, waɗanda aka mayar wa kwamitin likitoci domin a sake gwaji sun fi waɗanda aka amince da su yawa, kuma su ne suka fi jawo mana surutu, domin da zarar an ce wa mutum an mayar da fayil ɗinsa sai ya ɗauka ya faɗi. Ba faɗuwa ba ce, alama ce cewa masu hukunci ba su gamsu da gwajin farko ba. Waɗanda aka yi watsi da su kuwa, ba nakasar aka musanta ba. Abin da aka rasa shi ne takardar da ke haɗa ciwon da aikin soja. Kowa yana ganin ɗan uwanmu yana ɗingishi, amma mai duba fayil takarda kawai yake gani, kuma yana so ya san yaushe aka ji raunin, a ina, wane likita ya rubuta. Wasu kuma sun ajiye wasiƙar hukunci a gida har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, sannan suka kawo mana ita suna tambayar me kwamiti yake yi.

Abin alfaharinmu a bana shi ne ranar tantance takardu, wadda likitan kunne da wani lauya suka halarta ba tare da karɓar ko sisi ba. Tun da sassafe zauren ya cika, har da waɗanda rabonmu da su an daɗe. A cikinsu akwai wani dattijonmu, tsohon saje a rukunin masu igwa, wanda sau biyu ana ƙin buƙatarsa da hujjar cewa kurumtarsa ta tsufa ce. 'Yarsa ce ta zazzage wata tsohuwar ambulan a kan teburi, sai ga katin asibitin bariki, ya yi ja don daɗewa, inda aka rubuta cewa ya koka da ƙara a kunne bayan wani atisaye. Likitan ya yi masa gwajin ji, ya nuna mana a takarda yadda jinsa ya faɗi sosai a wajen sauti mai hertz 4,000 (ma'aunin kaifin sauti) sannan ya ɗan farfaɗo, wanda shi ne tambarin da ƙara mai tsanani take bari, saɓanin na tsufa da ke gangarowa a hankali. Ya bayyana mana cewa ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana lalata kunne idan aka daɗe a cikinta, alhali harbin bindiga yakan haura 140. Ko a Amurka, ƙarar kunne ita ce larurar da aka fi biyan tsofaffin sojoji diyya a kanta. Da katin nan da wannan gwajin lauya ya sake shigar da ƙarar, aka amince, aka biya shi har da bashin baya. Ranar da aka karanta wasiƙar a taro, sai da 'yarsa ta maimaita masa a kunne kafin ya gane dalilin da ya sa kowa ya miƙe tsaye.

Alƙawarin da muka yi na kawo likitan ƙwaƙwalwa bai cika ba, kuma ba sakaci ba ne. Tun 1980 likitoci suka amince da firgicin da ke biyo bayan yaƙi a matsayin cuta mai suna, amma har yau da yawanmu sun gwammace su kwana ido biyu da a ce sun ga likitan ƙwaƙwalwa. Mun buɗe rajista a asirce, waɗanda suka rubuta suna ba su kai a ɗauko likita dominsu ba. Aikin shigar da fayiloli cikin kwamfuta shi ma ya tsaya a rabi, saboda babu kuɗin ci gaba.

Ma'aji zai karanto alƙaluman, amma ni da nake bin mutane ɗaya bayan ɗaya na san inda gizo ke saƙar. Akwai waɗanda ba sa ɗaga waya idan sun ga lambata, sai ranar da wasiƙar ƙin amincewa ta same su. Akwai kuma waɗanda aka ci nasara a ƙararsu, tun ranar da kuɗi ya shiga ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Kuɗin buga takardu, na aika su da na zirga-zirga sau da yawa daga aljihun 'yan kwamiti yake fitowa, mu ma kuma fansho muke jira kamar kowa.

Saboda haka kwamiti yana neman babban taro ya amince cewa daga sabuwar shekara duk mai son a ɗaukaka masa ƙara ya zo da rasidin kuɗin ƙungiya, takardar sallama, wasiƙar hukuncin da ambulan ɗinta, da duk wani katin asibiti komai tsufansa. Matan mamata da marayu ba sa cikin sharaɗin rasidin.

Sakataren Kwamiti