Sabon Malamin Jami'a, Kada Aji Ya Cinye Maka Bincike

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da matasan da suka kammala digiri na uku suka kama aikin koyarwa a jami'a. Takardar ɗaukar aiki takan ce nauyi biyu ne a kansu, koyarwa da bincike. Wasu jami'o'in har kaso sukan rubuta: 40 cikin ɗari koyarwa, 40 bincike, 20 hidimar sashe da kwamitoci. Amma a shekarar farko aji ne ke lashe kusan komai. Lacca tana da rana da sa'a, ɗalibai na zaune suna jira. Maƙala kuwa ba mai tambayarta sai ranar neman ƙarin girma, kuma a ranar bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Don haka, ɗan'uwa, tun makon farko ka nemi takardar sharuɗɗan ƙarin girma ka karanta da kanka. Maƙala nawa ake so, a wace irin mujalla, kuma yaya ake lissafa wadda mutum uku ko huɗu suka rubuta tare? Sannan ka ware safiya biyu a kowane mako, awa uku-uku, ka sa su a jadawalinka kamar lacca, kada taro ya shiga wurin.

Shirin laccar awa ɗaya a sabon kwas yakan ci awoyi da dama. Ka roƙi shugaban sashe ya bar maka kwas ɗin shekara biyu ko uku a jere, domin wahalar shirin farko ta biya. Ka rubuta tsarin rabon maki ranar da ka tsara tambayoyin jarrabawa. Wanda ya bari sai takardu sun taru zai ga makin na farko da na ƙarshe sun saɓa, koke ya biyo baya.

Bincikenka na farko yana cikin kundin digirinka. Babi biyu ko uku za su iya zama maƙala, amma sai an sake gina su, domin mujalla tambaya ɗaya take so da amsarta. Masanan da mujalla ke ba wa maƙala su tantance sukan ɗauki watanni, sau da yawa su dawo da gyara ko su ƙi gaba ɗaya. Wannan ba abin kunya ba ne. Ka amsa kowane ƙorafi ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka tura maƙala guda ga mujallu biyu lokaci ɗaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne mujallun bogi, masu aiko saƙon imel da alkawarin bugawa cikin mako guda idan an biya kuɗi. Malamin da lokaci ya ƙure masa shi suke farauta. Ka duba sunan mujallar da kanka a Scopus, Web of Science ko DOAJ, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, domin tambarin da ta liƙa a shafinta ba hujja ba ne. Maƙalar da ta faɗa hannunsu da wuya wata mujallar kirki ta sake karɓarta.

Idan bincikenka ya shafi mutane, ka samu amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike kafin ka tattara bayanai. Ɗaliban da kake duba bincikensu kuma, idan za ku rubuta maƙala tare, ku daidaita jerin sunayen marubuta a rubuce tun kafin a fara aikin.

Shugabannin sassa su ma muna roƙonsu da su rage wa sabon malami kwasa-kwasai da kwamitoci a shekararsa ta farko, su kuma haɗa shi da babban malami da zai riƙa karanta rubutunsa kafin ya tura.

Naku,
Wasu malaman jami'a